Leƙa cikin payon ba tare da an buɗe shi ba

A takarda, mesan abu ne mai sauƙi: kwak ɗaya da kishiyarsa, wato anti-kwak, ɗaure da juna. Mafi rashin nauyi a danginsu shi ne payon, wanda Hideki Yukawa na Japan ya yi hasashensa a 1935, sannan Cecil Powell da abokan aikinsa na Bristol ta Ingila suka ga sawunsa a jikin farantin hoto a 1947.

To, nan gizo ke saƙar. Payon mai caji ba ya wuce kimanin kashi 26 cikin biliyan ɗaya na sakan kafin ya wargaje, don haka babu damar a girke shi wuri guda a yi ta harbinsa a ga abin da ke ciki. Sai masana suka juya lamarin: shi payon ɗin ake cillawa kan ƙarfen tungstan. Idan anti-kwak ɗinsa ya yi karo da wani kwak na cikin ƙarfen, sai su haɗiye juna, wasu ƙwayoyi biyu da ake kira miyon su fito. Waɗannan ake ƙirgawa, kamar yadda aka yi a Fermilab ta Amurka, aka fitar da sakamako a 1989.

Me ake nema? Rabon kaya. Payon yana tafe da wani ƙarfin gudu, ana so a san kason da kowane kwak ya ɗauka. Ana kiran kason x, daga 0 zuwa 1. Abin mamaki, kwak biyun nan kusan rabi kawai suke ɗauke da shi. Saura yana wuyan guluwon, ɗankon da ya manne su, da wasu kwak masu ɓullowa su ɓace nan take.

Akwai rigima can kusa da 1, inda kwak ɗaya ya kwashe kusan komai. Lissafin ka'ida ya ce zanen rabon zai sauka a lanƙwashe, sakamakon 1989 kuwa ya nuna saukar miƙe. Shekara ashirin ana ja-in-ja, har 2010 da Aicher, Schäfer da Vogelsang suka sake lissafa tsofaffin alƙaluman nan tare da tasirin raunanan guluwon, sai ga lanƙwasar ta bayyana. Ba a sake gwajin ba, hanyar lissafin ce ta sauya amsa, shi ya sa ni dai ban ɗauki maganar a rufe ba. Sabbin alƙaluma ake jira daga gwajin AMBER na cibiyar CERN.