Tanderun Lantarki da Maikurowef: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar kayan lantarki, kamar ta Alaba da ke Legas, zai tarar da wasu akwatuna iri biyu masu ƙofar gilashi, waɗanda ake ɗorawa a kan tebur a kicin. Da yawa daga cikinmu ɗalibai mukan ɗauka abu ɗaya ne. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan nuna wa mai karatu bambancinsu, don kada ya yi asarar kuɗinsa.

Ƙaramin Tanderu

Kalmar tanderu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin a cikinsa ake gasa gurasa a Kano. Na lantarki ma aikinsa ke nan. Akwai sandunan ƙarfe a sama da ƙasa da suke yin ja idan wuta ta ratsa su, sai iskar ciki ta yi zafi, zafin ya shiga abinci daga waje zuwa ciki. Shi ya sa kaza ko burodi kan fito da ɓawo ja mai ƙamshi.

Maikurowef

Shi kuwa wannan ba iska yake zafafawa ba. Wata na'ura a cikinsa mai suna maganetiron ce ke aika igiyoyin da ido ba ya gani, su riƙa jujjuya ƙwayoyin ruwan da ke cikin abincin har ya ɗau zafi. Injiniya Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ne ya gano wannan hikima a 1945, aka kuma fito da samfurin kan tebur na Amana a 1967. Ya ƙware wajen ɗumama shinkafa ko miya cikin 'yan mintuna, amma ba ya gashi. Kada a sa masa kwanon ƙarfe, domin yana iya yin tartsatsi. Ƙwai da ɓawonsa kuwa fashewa yake yi.

Kafin a Saya

Shawarata ita ce a duba rubutun da ke bayan na'urar. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na gwanjo da aka ƙera don Amurka zai ƙone idan aka jona shi ba tare da taransifoma ba. Sa'annan galibinsu kan ja wat 1,000 ko fiye, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin janareto da siririyar waya, kuma hakan na iya haddasa gobara a ɗakin kwanan ɗalibai. A kuma tambayi dokar hostal tukuna.

Kammalawa

Mai son gashi ya nemi tanderu, mai son ɗumame ya nemi maikurowef. Allah ya kare mu daga asara, amin.