Na'urar bayofidbak a maganin fargaba da damuwa: yadda take aiki da hukuncinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ɗan'uwa, idan likita ya ambata maka bayofidbak saboda fargaba, yawan faɗuwar gaba, ko ciwon kan da damuwa ke kawowa, to fara sanin yadda abin yake kafin ka nemi hukuncinsa.

Za a maƙala maka 'yan wayoyi a yatsa ko a goshi, wani lokaci a ɗaura maka ɗamara a ƙirji ta saman riga. Aikinsu auna bugun zuciya, gumin hannu, ɗumin yatsu da ɗaurewar tsoka, sakamakon kuma yana fitowa a allon kwamfuta. Ka san mutum idan ya tsorata zuciyarsa tana sauri, yatsunsa su yi sanyi. Sai mai lura da kai ya ce ka sassauta numfashi, kamar sau 6 a minti ɗaya, kana kallon yadda jikinka ke lafawa a allon. Haka za a yi ta maimaitawa na makonni, har ka iya kwantar da kanka a kasuwa ko a gida ba tare da na'urar ba. Masana a Amurka ne suka bunƙasa wannan hanya a shekarun 1960.

Na'urar ba ta zuba maka komai a jiki, ba ta karanta abin da ke ranka, ba ta da'awar sanin gaibu. Saboda haka babu abin da ya haɗa ta da duba ko bokanci. 'Yar'uwar ma'aunin hawan jini ce. Neman magani da ita halal ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Mace ta nemi mace ta ɗaura mata idan akwai. Idan kuma an haɗa horon da maimaita wasu kalmomin bautar wani addini, ka ɗauki numfashin ka bar kalmomin.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ka ga sauƙi ka ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta maka. Kada ka yi haka sai da izininsa. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko yake tunanin kashe kansa, wannan na'ura ba ta isar masa. A kai shi asibitin masu taɓin hankali a ranar, ana yi masa addu'a a hanya.

Allah ne Mafi sani.