Motar Ferrari da ta ƙi tashi ana daf da kammala tsere, har sai da aka kashe ta aka sake kunnawa

Duk wanda wayarsa ta taɓa sandarewa ya san maganin farko: a kashe ta, a jira kaɗan, a sake kunnawa. Sau da yawa mukan yi wa wannan dabara kallon maganin waɗanda ba su san kan na'ura ba. To amma a ranar 11 ga Yuni, 2023, wannan dabarar ce ta ceci kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya daga rasa nasarar da ya shafe shekara 58 yana jira.

Mene ne tseren Le Mans?

Gasa ce ta motoci da ake yi a garin Le Mans na ƙasar Faransa tun shekarar 1923. Ana farawa da yammacin Asabar, a kwana ana gudu, a gama da yammacin Lahadi, awa 24 cur. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 13.626 ne, kuma wani ɓangarensa titin gwamnati ne da jama'a ke bi a sauran ranaku. Direbobi uku ne ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, motar da ta fi yawan zagaye ita ce ta ci. A miƙaƙƙen titin Mulsanne gudun motocin yakan haura kilomita 330 a awa, ko da rana ko cikin duhun dare, ko ana ruwa ko ba a yi.

Ferrari ta ci wannan gasa a 1965, daga nan kuma shiru. Bayan 1973 ma sai kamfanin ya janye tawagarsa daga babban rukuni, ya mayar da hankali kan Formula 1. Sai bayan shekara 50 ya dawo da sabuwar mota mai suna 499P, tare da haɗin gwiwar tawagar AF Corse. A lokacin Toyota ce ke jan zarenta, don ta ci gasar sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022.

Kwamfuta ce mai tayoyi huɗu

Sunan motar daga injinta ya fito. Inji ne mai silinda shida, kowace silinda na da girman sisi 499, jimilla kusan lita 3, da turbo biyu. Shi ke tura tayoyin baya. A gaba kuma akwai injin lantarki mai ƙarfin kilowat 200, wanda ke shan wuta daga batir mai bolt 900. Ba a jona batirin a soket. Duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarkin sai ya koma janareta, ya mayar da ƙarfin gudun zuwa caji.

A nan ne aikin manhaja yake. Dokar gasar ta ƙayyade cewa ƙarfin injinan biyu a haɗe kada ya wuce kimanin kilowat 500. Ke nan idan injin lantarki ya shigo, dole injin fetur ya rage nasa a take. A kakar 2023 ba a yarda injin gaban ya tura motar ba sai gudu ya kai kilomita 190 a awa. Haka wajen birki, manhaja ce ke raba aiki tsakanin birkin gaske da janaretan, ta yadda direba ba zai ji bambanci a ƙafarsa ba. Babu ɗan'adam da zai iya wannan lissafi da hannu a kowace kwana.

Masu shirya gasar ma ba sa dogara da maganar kowa. Akwai na'urorin auna ƙarfi a jikin sandunan da ke juya tayoyi, suna aika musu da bayanai kai tsaye. An ware wa kowace mota adadin makamashin da za ta kashe kafin ta sake tsayawa shan mai. Kamar dai kunshin data ne: idan ka cika kallon bidiyo da wuri, zai ƙare kafin lokacinsa.

Daƙiƙun da zuciya ta tsinke

A gasar 2023, wadda ta zo daidai da cikar tseren shekara 100, mota mai lamba 51 ta kwana tana kokawa da Toyota mai lamba 8. Direbobinta su ne Alessandro Pier Guidi da James Calado da Antonio Giovinazzi. Da rana tsaka direban Toyota, Ryo Hirakawa, ya zame a kwanar Arnage ya bugi shinge, abin da ya ba Ferrari tazara mai kyau.

Saura ƙasa da rabin awa a tashi, Pier Guidi ya shigo shan mai na ƙarshe. An gama zuba mai, ya nemi tayar da motar, ta ƙi. Daƙiƙu na tafiya, Toyota na matsowa. Abin da ya taimake su shi ne irin wannan matsala ta riga ta faru da motar a wata tsayawa da ta gabata, saboda haka sun san matakan da za a bi. Direban ya kashe duk lantarkin motar ya sake kunnawa, kwamfutocinta suka tashi daga farko, injin ya amsa. Ya kammala da zagaye 342, wato sama da kilomita 4,600, kuma tazararsa da Toyota ba ta kai minti ɗaya da rabi ba.

Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. A 2016 Toyota na kan gaba, saura 'yan mintuna a gama, sai wani ɗan mahaɗi a bututun iskar turbo ya lalace. Motar ta tsaya a gaban 'yan kallo, Porsche ta wuce ta ɗauke kofin. Aikin awa 23 da ɗoriya ya tafi a banza saboda ƙaramin abu ɗaya.

A 2024 kuma wani darasin aka gani. Ƙofar Ferrari mai lamba 50 ta buɗe ana cikin gudu, aka tilasta mata tsayawa kafin lokacin da ta tsara. Daga nan sai Nicklas Nielsen ya riƙa tattalin makamashi kamar mai batir ja a garin da ba wuta, har ya kai ƙarshe da tazarar daƙiƙa 14. A 2025 ma 499P ce ta ci, karo na uku a jere, da Robert Kubica da Ye Yifei da Phil Hanson a mota mai lamba 83.

Me ya shafe mu?

Babu ɗayanmu da zai tuƙa wannan mota, amma matsalolinta su ne na wayar da ke aljihunka: zafi, batir, da manhajar da ke yanke shawarar yadda za a raba wuta. Idan wayarka ta ɗau zafi tana rage gudu a tsakiyar gem, manhaja ce ke sadaukar da sauri don na'urar ta kai labari. Shi ya sa alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali ba su isa hujja ba. Kafin ka sayi waya, nemi wanda ya yi wata shida da ita, ka tambaye shi yadda take a zafin watan Afrilu bayan awa biyu tana aiki.

Ga masu koyon rubuta manhaja irina, darasin ya fi zafi. Na taɓa haɗa wa wani mai shago manhajar lissafin kaya. A gwajin minti goma komai lafiya, amma ran da ta wuni a kunne sai ta sandare, da aka sake kunna ta kuma cinikin ranar ya ɓace. Laifina ne, don ban taɓa tambayar kaina abin da zai faru idan ta mutu a tsakiyar aiki ba. Tun daga ranar nakan bar manhajata a kunne dare da rana kafin in miƙa ta, in kashe ta da gangan, in cire mata intanet, in ga ko za ta dawo daga inda ta tsaya.

Injiniyoyin Ferrari, da duk kuɗinsu da ƙwarewarsu, ba su iya hana motarsu sandarewa ba. Abin da suka yi shi ne sun san hanyar dawo da ita cikin daƙiƙu, kuma direban bai ruɗe ba. Kai ma ka duba wayarka a yau: idan ta ƙi tashi gobe da safe, hotunanka da lambobinka suna ajiye a wani wuri kuwa?