Manyan Kalmomin Turanci Masu Dangi a Hausa

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta, wato Turanci, amma ta ƙofar Hausa za mu shiga.

Akwai kalmomin da ɗalibai ke kira manyan Turanci, irin waɗanda ake cin karo da su a jarrabawar WAEC da JAMB ko a sharhin jaridu. Yaro ya haddace ma'anarsu yau, jibi ta gudu. Alhali wasunsu ba baƙi ba ne a wurin Bahaushe. Kakarsu ɗaya da kalmomin da muke faɗa a gida da kasuwa da makarantar zaure, wato Larabci. Hanya ce kawai ta raba su. Namu sun biyo ayarin Sahara da littattafan malamai. Nasu kuwa sun bi ta Andalus, inda Musulmi suka yi mulki tsakanin 711 da 1492, da tsibirin Sisili, da jiragen fataken Italiya. A ƙarni na 12 birnin Toledo na ƙasar Sifen ya zama matattarar masu fassara littattafan Larabci zuwa Latin, kuma duk kalmar da suka rasa takwararta sai su ɗauke ta ɗungurungum.

Mu fara da "cipher". Wannan ita ce sifiri ɗinmu. A Larabci "sifr" na nufin fanko, abin da babu komai a cikinsa, kuma da ita Larabawa suka fassara sunan lambar da suka koyo daga Indiyawa. Wani Ba'italiye mai suna Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi wannan lissafi a garin Bijaya da ke Aljeriya ta yau. A littafin da ya rubuta a 1202 ya kira lambar "zephirum", wadda bakin Italiyawa ya taune har ta koma "zero". Ta wata hanyar kuma kalmar ta shiga Latin a matsayin "cifra", ta haifi "cipher". Ka ga ke nan "zero" da "cipher" tagwaye ne, sifiri kuma ɗan'uwansu ne da ya tashi a wani gari.

To amma "cipher" ba ta tsaya a sifiri ba, kuma nan ne ɗalibi ke ruɗewa. Daga sunan lamba ɗaya ta koma sunan kowace lamba. Da yake masu rubutun sirri kan musanya haruffa da lambobi, sai ta koma tana nufin rubutun ɓoye, wanda ba mai karanta shi sai wanda ya san makullinsa. Wanda ya taɓa ganin yadda malamai ke ba kowane harafi adadinsa a hisabi ba zai yi mamakin wannan ba. Daga nan aka samu "decipher", wato warware rubutun sirri, ko ƙoƙarin gane rubutu mai wuyar karantawa irin na likita a takardar magani. Tsohuwar ma'anar ma ba ta mutu ba. In aka ce mutum "cipher" ne a ma'aikata, ana nufin hoto ne kawai, da shi da babu duk ɗaya.

Sai "arsenal". Na san yanzu wasu sun gyara zama. Asalinta "dar as-sina'a", gidan ƙere-ƙere, kuma rabinta na biyu shi ne sana'a da muke faɗa. Mutanen birnin Benis na Italiya sun sa wa babbar maƙerar jiragen yaƙinsu wannan suna, daga nan kalmar ta koma tana nufin wurin ƙera makamai ko ajiye su. Ƙungiyar ƙwallon kuwa ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati da ke Woolwich a Landan ne suka kafa ta a 1886, shi ya sa igwa take a tambarinta. A rubutu na ilimi za ka ga ana cewa lauya yana da "arsenal" na hujjoji, wato ya tara su jibgi, yana jiran ranar fito da su.

"Tariff" kuma, wadda ke yawo a labaran kasuwanci tsakanin Amurka da Sin, ita ce ta'arifi. Ɗalibin fiƙihu ya san in malam ya ce a kawo ta'arifin alwala, yana nufin a bayyana mene ne alwala. Tushen kalmar sanarwa ne. A tashoshin jiragen ruwa na tekun Bahar Rum akan sanar da fatake jerin kuɗin da za su biya kan kowane kaya, sai sunan sanarwar ya koma sunan kuɗin. Yau "tariff" na nufin harajin shigo da kaya, ko jadawalin farashi irin na wutar lantarki da kiran waya. Mu mun riƙe ɓangaren bayani, su sun riƙe ɓangaren biya.

"Admiral", babban hafsan sojan ruwa, amiru ne, irin na Amirul Hajji. Harafin d ɗin nan baƙo ne. Turawa ne suka cusa shi saboda kalmar ta yi musu kama da wata ta Latin mai nufin sha'awa da girmamawa.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "alcohol". Asalinta "al-kuhl", kwallin da ake rambaɗawa a ido. Yaya aka yi kwalli ya zama giya? Kwalli dai gari ne mai matuƙar laushi. Sai masanan Turai na da suka riƙa kiran duk wani gari da aka tace sosai da wannan suna, daga baya suka faɗaɗa shi ga duk wani tataccen abu, har da ruwan da ake samu in an turara giya an tattara tururinta. Ma'anar ƙarshen nan ce ta cinye sauran. Haka ma "alchemy", tsohon ilimin neman mayar da ƙarfe zinariya, wanda ya haifi "chemistry". Daga "al-kimiya" take. A nan Hausa ce ta faɗaɗa ma'ana: Bature ya taƙaita kalmar ga fanni ɗaya, mu kuwa muka ce kimiyya muna nufin fannonin gaba ɗaya.

Ku lura da wani abu na nahawu a kalmomi biyun nan. "Al" ɗin da ke farkonsu ba jikin kalmar ba ne a Larabci, harafin fayyacewa ne, aikinsa irin na -n da -r a "gidan" da "motar". Bature bai san haka ba, sai ya haɗiye shi tare da kalmar. Bahaushe ma haka ya yi: alƙalami, albasa, alkama, aljihu, almakashi. Wani lokaci ma mukan yar da a ɗin mu bar l, kamar a littafi, labari, lahira da liman. Don haka duk wanda ya ce "alƙalamin ya ɓata" ya fayyace kalmar sau biyu, gaba da Larabci, baya da Hausa, kamar yadda mai cewa "the alcohol" ya yi. Ba kuskure ba ne, haka aro yake. Sai dai kada wani ya tashi daga nan ya ce duk kalmar Turanci mai farawa da "al" Balarabiya ce. "Altitude", "alternative" da "altruism" duk daga Latin tushensu yake.

Yanzu sai inda kunne ke yaudara. "Zenith" da "nadir" kalmomin masana taurari ne. Ta farko, wadda kowa ya saba gani a sunan banki, tana nufin daidai saman kanka a sararin sama, sannan ƙololuwar ɗaukaka ko nasara. Daga "samt ar-ra's" take, wato saitin kai, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne masu kwafar littattafai ne suka karanta harafin m a matsayin ni. "Nadir" kishiyarta ce, can ƙarƙashin ƙafa, kuma ana amfani da ita ga lokacin da al'amura suka kai maƙurar lalacewa. Mai ɗan Larabci zai yi saurin cewa ai nadiri ce, abin da ba a cika samu ba. A'a. Daga "nazir" take, wato takwara ko abin da ke fuskantar wani, don tana fuskantar "zenith". Tushenta ɗaya da nazari.

Mafi haɗari ita ce "alkali". Ɗalibi ya gan ta a littafin kimiyya, sai kotu ta faɗo masa a rai. Alƙalinmu daga "al-ƙadi" yake. "Alkali" ta Turanci kuwa daga "al-ƙali" take, tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa don yin sabulu da gilashi. Ma'anarta sinadarin da ke kashe kaifin tsami. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin aikinsa ko da ba su san sunan ba: ruwan toka da ake tacewa, da kanwar da ake jefawa a miyar yakuwa don ta karya tsami, duk wannan aikin suke yi. Abin dariyar shi ne, a Larabci kalmar tokar ma da ƙ take, Bature ne ya rasa harafin a bakinsa ya mayar da shi k. Mu da muke da shi ba mu da uzuri. In ka rubuta "alkali ya yanke hukunci" ba tare da lanƙwasar ƙ ba, to ruwan toka ka ɗora a kan kujerar shari'a.