Majo ya koma aji: neman zama likita bayan girma ya kama

A ƙauyukan Tama, cikin gundumar Buza, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, lokotoro ne a bakin jama'a. A takardar gwamnati kuwa kowa da matsayinsa. Mutumin da ke shugabantar gidan likita na karkara, wanda ake kira majo, malamin jinya ne. Yana maganin masassara, yana ɗinke rauni, yana yi wa yara rigakafi, shi da ungozoma suna karɓar haihuwa. Ikonsa ya tsaya a bakin ɗakin fiɗa. Idan naƙuda ta yi gardama, ɗa ya zo a gicciye, sai ya rubuta takarda a nemi mota zuwa Buza ko Madawa, wasu har Galmi, asibitin da ƴan mishan suka buɗe a 1950. Da damina, in ƙoramun Majiya suka kawo ruwa, wannan tafiya tana cin rai. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa, amma kyautar ba ta amfanin mace sai da mai iya aikin kusa da ita.

Irin wannan dare ne ke sa wani majo mai shekara 35 ko 40 ya fara tunanin komawa lakwal.

Abin ba sabo ba ne. Zamanin Faransawa, makarantar likita ta Dakar da aka buɗe a 1918 takan yaye ƴan Afirka da ƙaramar takarda, a ce su mataimaka ne kawai. Felix Hufwet-Bwanyi, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, a can ya fito a 1925. Daga baya da yawa cikinsu sun sake zaman aji, da mata da ƴaƴa, kafin a kira su cikakkun likitoci. A Nijar, sai a 1974 aka buɗe sashen koyon likita a jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. Yau akwai irinsa a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da jami'ar Andre Salifu ta Damagaram. Ga mutumin Adar, Maraɗi ta fi kusa da gida.

Ƙofar shiga ita ce bak ta fannin kimiyya. Wanda ya tafi makarantar jinya da birbe kaɗai, dole ya koma ya nemi bak. Doka ta yarda mutum ya zauna jarrabawar daga gida, ba sai yana ɗan lise ba. Sai dai lissafi da kimiyyar da aka bari shekara 15 ba sa dawowa da sauƙi. Da rana yana kan marasa lafiya, da dare yana kan littafi da cocila. Ga shi kuma jarrabawar takan faɗo lokacin da ake tsakiyar noma.

Bayan bak, karatun kansa yana cin shekara bakwai zuwa takwas. Wanda ya shiga yana da 38, zai fito yana neman 46. Nan ne ƴan uwa ke fara magana, kuma maganarsu tana kan hanya. Wa zai riƙe gida? Wa zai duba gonar hatsi da garkar albasa? Ma'aikacin gwamnati yana iya neman izinin ƙaro ilimi daga ma'aikatarsa, in an ba shi albashinsa na tafiya. To amma albashin da ya ishi gida ɗaya a Tama, yanzu gida biyu zai ciyar, ga hayar ɗaki a birni. Mace ma'aikaciya, ungozoma ko malamar jinya, nauyinta ya fi: sai maigida ya yarda, sai an sami mai riƙon yara. Gidan da aka zauna aka raba wannan nauyi tun kafin tafiya, shi ne ɗalibinsa ke kai ƙarshe.

Shekarun farko su ne masu ɗaci. Dattijo yana zaune benci ɗaya da sa'annin ɗansa na fari, suna haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi cikin kwana biyu, shi yana kwashe mako. Wani malamin ma ƙanensa ne a haihuwa. Mai girman kai ba ya jure wannan.

Amma ranar da aka fara shiga ɗakunan marasa lafiya, a asibitin Lamorde ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi, sai reshe ya juye. Hannun da ya shekara goma yana neman jijiyar yaro mai tamowa ba ya rawa. Ya san yadda ake tambayar tsohuwa ciwonta ba a ba ta kunya ba. Ya san in baƙauye ya ce "da sauƙi", sai an sake tambaya. Yaran da ke yi masa dariya jiya, su ke bin bayansa yau.

Akwai kuma abin da ya kamata hukuma ta duba. Saurayin da ya tashi a birni, in aka tura shi Buza ko Keita, sau da yawa idonsa na kan ranar komawa. Wanda gonarsa da iyayensa da surukansa ke Adar, shi da kansa zai nemi a maido shi. Likitan gunduma da aka ƙara wa horon fiɗa yana iya ciro jariri a nan Buza, mace ta kwana kusa da danginta.

Mai niyya ya fara da shugaban kiwon lafiya na gundumarsa, domin ta hannunsa takardar neman izini ke bi zuwa Tawa da Yamai. Rajistar bak kuma ana rufe ta watanni kafin jarrabawa, saboda haka tun bayan girbi ake haɗa takardu.