Allurar Anti-D: Me Ake Aunawa Kafin Ta Iso Ɗakin Haihuwa?

Idan mace mai jinin Rh negatif ta ɗauki cikin jariri mai Rh fozitif, jikinta kan ɗauki jinin ɗan a matsayin baƙo, ya shirya masa garkuwa. Na fari yakan tsira. Ƙannensa ne ke zuwa da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, wani ma ya mutu a ciki. Wasu daga cikin matan da ake cewa suna wabi, matsalarsu ke nan. Tun 1968, da Amurka ta amince da samfurinta mai suna RhoGAM, allurar anti-D ke hana hakan in an yi ta cikin awa 72 bayan haihuwa.

Daga ruwan jinin mutane ake tace ta, kuma masu bayarwa ba su da yawa. Irin su James Harrison na Ostareliya, wanda ya bayar fiye da sau 1,100 kafin ya daina a 2018, sai an tona. Jinin mutum kuma yana da nasa hatsarin: a Ailan, allurar da aka yi wa mata a 1977 ta sa wa ɗaruruwa ciwon hanta nau'in C, ba a gano ba sai 1994. Ƙaranci da tsada da wannan tsoro su suka tura kamfanoni ƙera ta a ɗakin gwaji, kuma irin ta Indiya tuni ta shigo kasuwannin Afirka.

A nan gizo ke saƙa. Gwajin da aka saba da shi yawa yake aunawa: a zuba maganin a kan jajayen ƙwayoyin jini, a duba yadda ya kama su, a kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar NIBSC ta Ingila ke ajiye da shi, sannan a rubuta maikurogiram 300 a jikin kwalba. Amma kama ƙwaya daban, kawar da ita daban. A wutsiyar sinadarin maganin akwai wani ɗan sukari, fukos. Idan ya yi kaɗan, fararen ƙwayoyin jini sun fi riƙe shi su share jinin jaririn daga jikin uwa. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a ɗakin gwaji suna ɗauke da fukos da yawa. Saboda haka kwalba biyu na iya nuna lamba ɗaya, ƙarfinsu ya bambanta, abin da ya sa masana suka koma gwada maganin tare da fararen ƙwayoyin su ga aikinsa da ido.

A ganina, arhar irin ta ɗakin gwaji ba laifi ba ce, domin uwar da ba ta iya saye ba ta da kariya ko kaɗan. Sai dai ya kamata hukumar kula da magunguna ta NAFDAC da asibitocinmu su nemi shaidar aiki da sakamakon bin diddigin matan da aka yi wa, su kuma tabbatar kwalbar ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 har ta iso. Ke kuma mai juna biyu, ki nemi sanin rukunin jininki tun ranar awon farko.