Ƙunar Ganye a Tumatir da Dankalin Turawa

Malamin da aka ba shi kula da lambun makaranta yakan rasa sunan da zai kira cutar nan mai ƙone ganyen tumatir da na dankalin Turawa. Manoma sun san burtuntuna, baƙin garin da ke cin zangarniyar dawa, sun san darɓa, danƙon da ƙananan ƙwari ke bari a ganye. Amma tsiran nan biyu baƙi ne, asalinsu Amurka ta Kudu, ba su zo mana da sunayen cututtukansu ba. Saboda haka kome ya sami tumatir sai a ce "ciwo ya shiga". A 2016, da tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, har Ebolar tumatir aka kira ta. Wannan kuwa ƙwaro ne, maganinsa dabam.

Abin da muke nufi a nan cuta biyu ne. A ganina ya kamata a raba musu suna bisa ga abin da ido ke gani, watau ƙuna mai zobe da ƙunar sanyi.

Ƙuna mai zobe takan fara daga tsofaffin ganyayen ƙasa. Tabonta ruwan ƙasa ne, da zobe a cikin zobe kamar saƙar faifai, gefensa kuwa rawaya. Sannu take hawa, takan rage amfani, ba ta cika kashe shuka farat ɗaya ba.

Ƙunar sanyi ita ce abin tsoro. Masana suna kiran ƙwayarta Phytophthora infestans. Kalmar farko Girkanci ce, ma'anarta mai hallaka tsiro. Ita ce ta faɗa wa dankalin ƙasar Ailan a 1845, yunwa ta biyo baya, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Tana son sanyi da laima, shi ya sa ta fi ɓarna da damina a tsaunukan Jos, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda ake noman dankalin nan. Da fari tabo yakan fito a bakin ganye, jiƙe-jiƙe, sai ka ce an zuba masa tafasasshen ruwa, sa'an nan ya yi baƙi. Kada a tsaya ga wannan kaɗai. A tafi da sassafe kafin raɓa ta bushe, a juya ganyen. In an ga fari-fari kamar fumfuna a gefen tabon ta ƙasa, to, ita ce. Kara ma yakan yi baƙi, ɗanyen tumatir ya yi tabo mai tauri, dankali kuwa in an yanka a ga ja-ja kamar tsatsa a ƙarƙashin ɓawo. In hadari ya zauna, mako guda ko biyu ya isa ta gama da lambu.

Ganyen da ya kamu ba ya warkewa, wannan ne ɗalibai suka fi wuyar yarda da shi. Maganin feshi, irin mai jan ƙarfe ko mancozeb, tsare lafiyayyen ganye yake yi, don haka kafin cuta ta bazu ake fesa shi, a sake in ruwa ya wanke, bisa ga abin da aka rubuta a jikin kwalin. Wanda ya riga ya kamu a tsinke shi a ƙone ko a binne da zurfi, kada a zuba a juji inda ake tara taki. A ba shuka tazara, a kafa wa tumatir sanda, a yi ban ruwa a gindi da safe, ban da yayyafi a kan ganye. A huta da tumatir da dankali a kunyar nan har shekara 3, gama ƙuna mai zobe takan kwana a cikin tarkacen bara.

Dankali yana da nasa ƙarin. A yi masa huɗa mai kauri, don ruwan sama ne ke wanko ƙwayar cutar daga ganye zuwa ga 'ya'yan. In ta kama sosai, a sare karan daga gindi a kwashe, a dakata mako 2 kafin a haƙa. Wanda aka ga tabo a jikinsa kada a adana shi, balle a ajiye shi iri.